Noman furen ƙararrawa mai ɗigo a tsakar gida a Kaduna

5 Nuwamba 2023

Yau na zuba irin. Tun watan Agusta yake ajiye cikin kwalba, sai da na bari damina ta ɗauke, iskar gabas ta fara kaɗawa, dare ya soma sanyi, sannan na fito da shi. Ɗiyar yayata da ke karatu a Koriya ta Kudu ce ta sayo mini a shagon iri, rufe cikin fakitinsa. Masana tsirrai suna kiransa Campanula punctata, sunan da masanin nan ɗan Faransa, Lamarck, ya raɗa masa a 1785. Mu a gidan nan furen ƙararrawa mai ɗigo muke ce masa.

Ɗan ƙasashen sanyi ne: Japan, Koriya, arewa maso gabashin Sin da gabashin Saberiya. A can da kansa yake fitowa a gefen daji, da gangaren tsauni, da bakin hanyar ƙauye. Ba ya cikin shukokin da ke shekara ɗaya su mutu. In sanyi ya shigo kara ya bushe, saiwa ta yi zamanta a ƙasa, da gari ya ɗumama ta sake tohowa. Tsayinsa santimita 30 zuwa 80. Furen dogo ne, wajen santimita 4 zuwa 5, bakinsa yana kallon ƙasa, bayansa fari ko ruwan hoda, cikinsa ɗigo-ɗigon ja.

Abin da na sa a gaba shi ne ya rayu a nan Malali shekara da shekaru, kuma ya yi fure. Na san Kaduna ba Jos ba ce. Jos tana wajen mita 1,200 sama da teku, shi ya sa wardi ke yi musu yadda suke so, mu kuwa tudunmu bai wuce rabin haka ba. Abin da ya ƙarfafa mini gwiwa shi ne a Japan cikin daminarsu yake fure, Yuni da Yuli, kuma zafin Tokyo a Agusta yana haura digiri 30 ga gumi. Shukar da ta saba da wannan ba za ta ji tsoron ruwan Kaduna ba.

Irin ya fi acca ƙanƙanta, numfashi ma sai ya kwashe shi. Na gauraya shi da yashi mai laushi don ya barbaɗu daidai. Ƙasar kuwa haɗi ce: yashin kogi, baƙar ƙasar ƙarƙashin mangwaro da na tankaɗe, da buntun shinkafa da aka babbaka. Jiya na kwarara mata tafasasshen ruwa don ya kashe fumfuna da ƙwayayen ƙwari, ta kwana ta huce. Ba a binne wannan iri, haske yake so kafin ya tsiro, don haka danna shi kawai na yi da bayan cokali. Ruwa ta ƙasa yake sha: na dasa robobin cikin tire mai ruwa, suna zuƙa ta hujin gindi. Na rufe da farar leda, na ajiye a barandar da rana ba ta dukanta kai tsaye. Digiri 15 zuwa 20 ya fi so wajen tsirowa, kuma daren Kaduna daga yanzu zuwa Janairu nan yake kaiwa.

26 Nuwamba 2023

Alhamdu lillahi, ya tsiro. Sai an durƙusa an ƙura ido ake ganinsa, ganye bibbiyu kore shar. Na fara ɗage ledar da safe in mayar da yamma, domin in gumi ya yi yawa fumfuna kan cinye ƙafar tsiro ya faɗi, in kuma aka buɗe gaba ɗaya iskar hunturu ta busar da saman ƙasar kafin azahar. Na ja wa yara kunne kada kowa ya taimake ni da ban ruwa.

7 Janairu 2024

Na yi dashe. Kowane tsiro ya yi ganye huɗu ko biyar, masu siffar zuciya, gefensu zarto-zarto, da ɗan gashi a jiki. Inda ganye ya tsinke wani farin ruwa mai ɗan danƙo ke fitowa, haka dangin wannan fure suke. Da tsinken tsintsiya na riƙa ɗago su, ina kama ganye ba kara ba, don in ganye ya lalace wani zai fito, kara kuwa in ya murje shi ke nan.

Tukwanen ƙasa na saya, na sa aka huda gindinsu. Baƙar ledar da masu fulawa ke amfani da ita ta fi araha, amma rana tana dafa ta, saiwar wannan shuka kuwa sanyi take so. Na shimfiɗa gutsattsarin gawayi a ƙasa, na ƙara wa haɗin ƙasar kashin shanu da ya shekara ya zama gari. Ban sa kashin kaji ba, ya yi wa jariran nan zafi. Jar ƙasar gidanmu ma ban sa ko kaɗan ba, don in ta jiƙe tana riƙe ruwa, in ta bushe ta ƙame.

Na kai tukunya ɗaya wurin dattijon da nake sayen fulawa a hannunsa a bakin titi, mutum ne da ya daɗe a sana'ar. Ya jujjuya ta, ya shafa ganyen, ya ce, "Hajiya, ban taɓa ganin irin wannan ba. Amma duk ganye mai gashi haka, kada ki zuba masa ruwa ta ka da yamma. Ruwan zai kwana a jikinsa ya ruɓar da shi." Na ce, "To Malam, ƙurar nan fa da ta lulluɓe shi?" Ya ce in wanke da hantsi, yadda zai bushe kafin rana ta take. Haka nake yi, sau biyu a mako, da ruwan da ya kwana a bokiti.

Hazo ya yi kauri a makon nan, mutane na ƙorafin tsagewar leɓe da kaushi, shukar kuwa sai ƙara faɗi take.

24 Maris 2024

Wannan ne watan da nake tsoro tun farko. Azumi ya kama cikin tsananin zafi, da rana gari yana haura digiri 35, dare ma ba ya hucewa sosai. Daga ƙarfe goma sha ɗaya ganyen ke langaɓewa ko da ƙasar na da laima. Wanda bai sani ba zai ce ƙishi ne ya ƙara ruwa, alhali saiwar ce ta yi zafi ta kasa sha. Ƙarin ruwa a wannan hali ruɓa yake kawowa.

Na yi musu rumfar zana a jikin katangar da inuwar mangwaro ke faɗawa da yamma, ba sa ganin rana sai ta sassafe. Sannan na ɗauko dabarar tukunya cikin tukunya, wadda malamin makarantar nan Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana tumatir da gauta, har ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa yashin. Ruwan yana ratsa jikin tukunyar waje yana tashi, yana tafiya da zafin. Ni tukunyar shukar na sa a madadin ta ciki, na ɗora gindinta kan ɗan dutse don kada hujin ya toshe. Da la'asar in na cusa yatsa cikin ƙasar sai in ji ta da sanyi, ta wadda ba a yi wa haka ba kuwa ɗumi ne har ƙasa. Wannan dabara ta fi aiki yanzu da iska ke bushe. Da zarar damina ta kawo laima ƙarfinta zai ragu, amma a lokacin ba a bukatarta.

Wata matsalar ita ce wasu jajayen ƙwari ƙanana, da kyar ido ke ganinsu, masu yin siririyar saƙa a bayan ganye. Zafi da bushewa suke so. Alamarsu ganye ya yi ɗige-ɗige fari, ya koɗe. Ina fesa wa bayan ganyen ruwa da ƙarfi bayan sallar asuba, kowane mako kuma in bi da ruwan 'ya'yan dogonyaro da aka daka aka jiƙa ya kwana, da ɗan sabulu kaɗan don ya kama.

21 Afrilu 2024

Wajen rabi sun tafi. Mafi yawan waɗanda suka mutu waɗanda ba a yi wa tukunya cikin tukunya ba ne, waɗanda aka yi wa kuwa kusan duk suna nan, sai dai sun ƙanƙance, tsofaffin ganyen sun ƙone ta baki. Ban ba su taki ba, ba a takin shukar da ke fama da ranta. An yi ruwan farko, ƙasa ta yi ƙamshi, amma zafin bai sake mu ba tukuna.

20 Yuni 2024

Ruwa ya zauna, shukar ta farfaɗo fiye da yadda na yi tsammani. Ganye ya cika bakin kowace tukunya, sababbi manya masu dogon hannu. Da na tona gefe sai ga fararen saiwoyi masu kauri suna bin ƙarƙashin ƙasa, kowace ta ɗago kai a wani wuri ta zama sabuwar shuka. Halinsa ke nan ko a ƙasarsa, har masu lambu a Turai da Amurka na kuka da yadda yake mamaye musu wuri. Saboda haka ba zan sauke shi ƙasa ba, a tukunya zai zauna, abin da na yanke kuma a rana nake busar da shi kafin ya shiga shara. Baƙon tsiro ba a sakinsa a kwata.

Amma ko alamar kara babu. A Japan da Koriya yanzu ne yake tsakiyar fure, nawa kuwa ganye kawai yake tarawa. Dalilin ba ya cikin ƙasa ko taki, yana cikin tsawon yini. A kwanakin nan yinin Tokyo ya kai awa 14 da rabi, na Seoul ma ya ɗan ɗara haka. Kaduna tana kusa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, digiri 10 da rabi kawai arewa da shi, don haka yininmu mafi tsawo, wanda muke ciki yanzu, bai wuce awa 12 da minti 40 da 'yan kai ba, mafi gajarta kuma a Disamba wajen awa 11 da rabi. Da yawa cikin dangin furen ƙararrawa ba sa ta da kara sai yini ya yi tsawo dare ya gajarta, wasu kuma sai sun fara shan sanyi na makonni tukuna.

Kawuna da ke noma a wajen Soba ya zo mana yawon babbar Sallah, na yi masa wannan bayani ina zaton zai yi masa baƙunta. Sai ya ce, "Ke 'yar nan, ai wannan a gona muke ganinsa. Dawarmu ta gida, ko kaura ko farfara, wanda ya shuka da ruwan fari da wanda ya makara, kusan tare suke fid da kai in damina ta zo ƙarshe. Ba ranar shuka take dubawa ba." Na ce, "Wallahi Kawu shi ne." Dawa tana jiran yini ya fara raguwa ne, don ta yi ido lokacin da ruwa ke janyewa, kada zangarniya ta yi fumfuna. Wannan furen kuwa akasin haka yake jira, domin a ƙasarsa dogon yini shi ke shaida masa cewa ƙanƙara ta wuce, ƙudan da za su yi masa barbara sun fito. Kowace shuka da kalandar ƙasarta a jikinta.

A nan ne na ga ainihin wuyar aikin. A can sanyi ke fara zuwa, sai dogon yini mai sauƙin zafi ya biyo baya. A nan ɗan sanyin da muke da shi da gajeren yini yake zuwa, ɗan tsawon yinin kuma bai kai ba. Raya shi a Kaduna abu ne mai yiwuwa, na gani da idona. Fure kuwa sai an haɗa masa abin da garin ba ya haɗawa, kuma ni ba don ganye na ɗauko wannan ɗawainiya ba.

18 Agusta 2024

Marka ta sa mu gaba. Agusta ne watan da Kaduna ta fi shan ruwa, kwana da kwanaki ba a ganin rana sosai. Na raba tukwanen da manyan da ke waje, na ɗora su kan bulo don ruwa ya riƙa zurarewa, hakan kuma ya hana gara shiga ta hujin gindi. Wasu biyu sun ruɓe ta tsakiya, inda ganye ke haɗuwa da saiwa, wurin ya yi baƙi ya yi laushi. Na zare su, na ceto 'ya'yan gefe da ba su kamu ba, na zubar da ƙasar nesa da sauran. Na rage wa kowace tukunya ganyen ƙasa don iska ta ratsa, na zuba tsakuwa ƙanana kewaye da wuyan shukar.

Katantanwa ta gano su. Ba ta fitowa da rana, sai dai da safe a ga ganye huji-huji da sawun yauƙi mai ƙyalli. Toka ba ta aiki a wannan ruwa, da an barbaɗa ta narke. Abin da ya fi shi ne bayan isha'i mu fito da tocila ni da autana mu tsince su. Na kife ɓawon kankana kusa da bulon, da asuba a same su tare a ƙarƙashi.

29 Oktoba 2024

Ruwa ya ɗauke, na raba su. Kowace tukunya da na juye, saiwa ta naɗe ta cika ta, 'ya'ya rututu. Da hannu suke rabuwa, ba sai an sa wuƙa ba. Yanzu ina da fiye da abin da na rasa a bazara, kuma duk daga waɗanda suka ci zafin Afrilu suka fito, abin da ya fi mini daɗi ke nan.

Na zaɓi manya masu ƙarfi na kasa su uku. Kashin farko zan bar su yadda Allah ya yi garin, ba ƙari ba ragi. Na biyu za su sami fitila da dare. Na uku za su shiga firji mako shida, sannan su fito su sami fitilar. Ƙananan kuwa an mayar da su reno.

Firjin ne ya tsaya. Duhun da Arewa ta shiga a kwanakin nan ya shafe mu, sama da mako ba wuta, masu ƙanƙara da masu niƙa da 'yan walda duk sun shiga wani hali, nawa ƙaramin abu ne a kan nasu. Amma sanyin da shuka ke ƙirgawa sai ya ɗore, in ana yi ana katsewa ba ya taruwa. Babban ɗana ya duba batiran sola na gidan ya ce, "Umma, ƙaramin firjin zai hau, in dai za a haƙura da guga da injin wanki a kansa." Na ce an haƙura.

10 Nuwamba 2024

Kashi na uku sun shiga firji. Na yanke manyan ganye na bar na tsakiya, na wanke ƙasar jikin saiwa, na naɗe kowace da jarida mai ɗan laima, na sa a leda mai huji-huji. Digiri 4 zuwa 5 ake so, can aljihun ƙasa inda ake sa kayan miya, ba sama wurin ƙanƙara ba. Na fitar da ayaba da tuffa daga firjin gaba ɗaya, domin nunannun 'ya'yan itace suna fitar da wata iska da ke lalata toho. Kowace Juma'a zan buɗe in duba fumfuna, in sauya jaridar da ta jiƙe da yawa.

22 Disamba 2024

Sun fito. Sun yi fari-fari, amma saiwar da ƙarfinta, idanun toho a kumbure. Na dasa su, zan bar su cikin inuwa sosai na 'yan kwanaki kafin su koma rumfa.

Daren jiya aka kunna fitila. Abin da shuka ke aunawa a gaskiya shi ne tsawon duhu, ba tsawon haske ba. In aka katse duhun a tsakiya da ɗan haske, sai ta ɗauka dare gajere ne. Masu renon fure don kasuwa a Turai da Amurka sun daɗe suna amfani da wannan, sukan kunna daga ƙarfe 10 na dare zuwa 2. Haka na yi. Ba haske mai ƙarfi ake nema ba, wanda mutum zai iya karanta jarida a ƙarƙashinsa ya isa. Ƙwan LED guda, mai haske ja-ja ba fari fat ba, muka rataya wajen mita ɗaya saman tukwanen, ɗana ya haɗa shi da ɗan agogon da ke kunnawa da kashewa da kansa. Wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba.

Kashin farko na kai su bayan ɗakin girki, na kare da zana ninki biyu. Fitilar tsaron maƙwabta tana leƙowa ta saman katanga, kuma ko ita tana iya ɓata gwajin. Na shiga na yi wa maƙwabciyata bayani, ta ce, "Maman yara, ai wannan ba komai ba ne," ta sa aka karkatar da ita. Allah ya saka mata da alheri. Ladarta tukunya guda in Allah ya sa ya yi fure.

2 Fabrairu 2025

Na firji sun ta da kara. Daga tsakiyar ganye ya fito, ja-ja ta gindi, da gashi, ganyen jikinsa ƙanana masu tsini ba irin na ƙasa ba. Tsayin ya kai taƙi guda. Na kafa musu siraran sanduna saboda iska. Na fitila kaɗai, ɗaya ce ta nuna alama. Na bayan ɗakin girki lafiyarsu lau, ganye ne dai kawai.

23 Fabrairu 2025

Ya buɗe. Tun farkon mako ƙullin ya rataya, dogo mai gefe biyar, kore-kore, sannan ya yi fari, shekaranjiya bakin ya tsage. Na sa ruler na auna, santimita 4 ne cif. Bayansa fari ne da ɗan jirwayen ruwan hoda wajen gindi, bai kai jan da ke jikin hoton fakitin ba, kuma ban yi mamaki ba, domin zafi yana rage wa fure launi. Bakin ya rabu biyar, kowane leɓe ya ɗan tanƙwaro waje.

Kyan nasa a ciki yake, kuma ba ya nuna shi ga mai wucewa. Sai an sa yatsa an ɗago kan. Ɗigon ja mai duhu ne birjik, sun fi yawa can ciki, suna raguwa wajen baki, ga wasu dogayen gashi farare a jikin bangon. Duk wanda ya shigo gidan nan tun jiya sai na sa shi ya durƙusa ya gani. Surukata ta daɗe riƙe da shi, ta ce, "Tsarki ya tabbata ga wanda ya yi wannan zane inda ba kowa ke gani ba."

Na duba koren kwanon da ke riƙe da furen ta baya. Tsakanin kowane yatsu biyu akwai ɗan kunne da ya lanƙwashe baya. Wannan ita ce alamar da ke raba ainihin wannan iri da ɗan'uwansa na tsaunukan Japan, wanda wurin ya kumbura kawai ba kunne. Akwai kuma wani ɗan'uwan nasa, Campanula takesimana, ɗan tsibirin Ulleungdo na Koriya, wanda ganyensa ya fi sulɓi da ƙyalli. Nawa mai gashi ne mai kunne, abin da aka rubuta a fakitin shi ne a ciki.

Yadda yake barbara abin kallo ne. Tun furen bai buɗe ba sassan namiji ke zube garinsu a jikin sandar da ke tsakiya, wadda ke da gashi, sannan su yanƙwane. Ƙudan da ya shiga neman zuma sai ya goge garin da bayansa. Bayan kwanaki kan sandar ya tsage uku, a lokacin ne ɓangaren mace ke shirye ya karɓi gari, kuma daga wata shukar ya fi so. A Japan manyan ƙudan zuma masu gashi ne ke wannan aiki. A wasu tsibiran Izu da ke kudu da Tokyo, inda babu irin waɗannan ƙudan, dangin furen nan ƙanana ne, daidai jikin ƙananan ƙudan da ke wurin.

9 Maris 2025

Azumi ya sake zagayowa, zafi ya fara. Kusan duk na firji sun yi fure, kowane kara da ƙararrawa huɗu zuwa bakwai, sai dai tsayinsu bai wuce santimita 40 ba. Na fitila kaɗai, guda biyu sun yi, a makare, da fure kaɗan. Na bayan ɗakin girki ko ɗaya. A tsakar gidan nan dai sanyi da haske tare suka yi aikin, kuma fitila ita kaɗai ba ta isa a dogara da ita ba.

Furen da suka buɗe a makon nan ba sa daɗewa, kwana uku sun yanƙwane, na Fabrairu kuwa sun kusa mako. Hakan ya nuna mini inda zan gyara kalanda. In suka shiga firji a tsakiyar Satumba, suka fito farkon Nuwamba, furen zai faɗo cikin Janairu, tsakiyar hunturu, ya daɗe kuma ya fi launi. Rabon saiwa ke nan zai koma cikin damina, sai a yi shi a baranda inda ruwa ba ya duka.

Ƙananan ƙudan zuma suna shiga, amma ban bar musu aikin ba. Da ɗan burushin zanen yara nake ɗebo gari daga sabon furen wata shuka in shafa a kan wanda ya tsage uku na wata. Waɗanda na yi wa haka na ɗaura musu jan zare, gindinsu ya fara kumbura. Kwanson irin ta gefen gindi yake hujewa in ya bushe, irin ya zube, don haka da ya fara ruwan ƙasa zan ɗaura masa ɗan ƙyalle. Sauran furen da suka gama ina yanke su don kada shukar ta ƙarar da ƙarfinta ana shiga bazara.

Maƙwabciyata ta karɓi tukunyarta, da sharaɗin ba za ta sauke ƙasa ba. Wasu 'ya'yan zan aika wa ƙanwar maigida a Jos bayan Sallah, ta gwada da fitila ba firji, tunda sanyinsu ya fi namu. Tukwanen waje da yashi sun koma bakin aiki tun jiya. Na zagaye na gaba kuma na riga na ba maginiya sautu, na ce ta yi su masu faɗin baki marasa zurfi, domin saiwar gefe take bi.